Yi wa Bene Riga: Yadda Gwamnatin Lituweniya Ta Tallafa wa Jama'arta Wajen Tsimin Makamashi

Gabatarwa

A ƙasashen arewacin Turai, magidanta kan kashe kuɗi masu yawa wajen sayen abin da mu a nan muke neman tsari da shi, wato zafi. Daga wajejen watan Oktoba har zuwa Afrilu, sanyi kan yi tsanani har ruwa ya daskare a fili, saboda haka ya zama tilas a riƙa ɗumama ɗakuna dare da rana. Zafin nan kuwa sayen sa ake yi kamar yadda ake sayen wutar lantarki, idan wata ya ƙare a kawo wa mutum takardar biya. Abin takaici shi ne, a tsofaffin gidaje, sau da yawa rabin abin da ake biya ko fiye asara ce da za a iya kauce mata, domin zafin yana sulalewa ta bango da taga da rufi tun kafin a more shi.

Masana kimiyya sun daɗe da sanin maganin wannan asara, kuma maganin ba shi da wuyar fahimta. Idan gidan na mutum ɗaya ne, shi kaɗai zai yanke shawara ya gyara abinsa. Amma yaya za a yi da dogon bene mai sassa 60, wanda kowane sashe da mai shi, kowa kuma da ƙarfin aljihunsa? Wannan maƙala za ta bayyana kimiyyar da ke tattare da tare zafi a gini, sa'an nan ta duba yadda wata ƙaramar ƙasa, Lituweniya, ta yi ta gwada hanyoyin tallafi har ta dace da wadda ta karɓe ta.

Ƙasar da Gidajenta

Lituweniya tana bakin tekun Baltik, a arewa maso gabashin Turai, kuma babban birninta shi ne Vilnius. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 65,300, yawan mutanenta kuwa bai kai miliyan 3 ba, wato bai kai na birnin Kano da kewayensa ba. A watan Janairu, matsakaicin yanayin Vilnius yana ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, kuma a shekarar 1956 an taɓa auna sanyin da ya kai digiri 42.9 ƙasa da sifiri a garin Utena.

Ƙasar ta shafe kusan shekara 50 a ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Daga ƙarshen shekarun 1950, hukumomin Sobiyet suka duƙufa wajen gina gidaje cikin gaggawa, saboda mutane suna ta tururuwa daga karkara zuwa birane. Dabarar da aka yi amfani da ita ita ce a zuba manyan fallayen kankare a masana'anta, a ɗauko su a mota, a harhaɗa su a filin gini kamar yadda kafinta ke harhaɗa akwati. Ta haka aka cika birane da benaye masu hawa 5 ko 9 ko fiye, kusan duk siffarsu ɗaya. A lokacin, man fetur da iskar gas suna da arha ƙwarai a Tarayyar Sobiyet, don haka ba a damu sosai da yawan zafin da bango zai riƙa zubarwa ba.

Irin waɗannan benaye ba su da murhun ɗumama ɗaki na kansu. A kowane gari akwai babbar tashar da ake dafa ruwa, a turo shi ta bututai a ƙarƙashin ƙasa zuwa gidaje, ya zagaya cikin wasu ƙarafa da ke manne a bangon ɗakuna, masu aiki irin na lagireton mota. A tsohon tsari, ƙarafan ba su da bawul ɗin da mutum zai murɗa ya rage zafi. Wanda ɗakinsa ya yi zafi da yawa sai ya buɗe taga, a daidai lokacin da maƙwabcinsa na can ƙarshen bututu yake rawar ɗari. Kuɗin zafin da ginin ya sha kuma ana raba shi ne bisa ga faɗin sashen kowa, saboda haka mai tsimi da mai almubazzaranci duk ɗaya suke wajen biya.

A ranar 11 ga Maris, 1990, Lituweniya ta bayyana 'yancin kanta. Daga shekarar 1991 aka shiga sayar wa mazauna sassan da suke ciki a kan farashi mai rahusa, har ya zamana kusan kowane iyali ya mallaki sashensa. Ƙasar na da irin waɗannan benaye kimanin 38,000, mafi yawansu an gina su kafin 1993, kuma fiye da rabin jama'a a cikinsu suke zaune. Da arhar makamashi ta ƙare, sai tsadar zafi ta zama babban abin da ke ci wa magidanta tuwo a ƙwarya, musamman tsofaffi masu dogaro da fansho.

Yadda Zafi Ke Tserewa

Ƙa'idar farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe ita ce, zafi a kullum yana tafiya ne daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi, kuma gwargwadon bambancin da ke tsakaninsu, gwargwadon saurin tafiyarsa. Hanyoyin tafiyar tasa uku ne. Ta farko ita ce ratsa jikin abu, kamar yadda cokalin ƙarfe ke ɗaukar zafi idan an bar shi cikin shayi. Ta biyu ita ce bin iska ko ruwa mai motsi, kamar yadda iska mai ɗumi ke fita ta tsagar taga, mai sanyi ta maye gurbinta. Ta uku ita ce tafiya kamar haske, irin zafin da mai jin ɗumi yake ji a fuskarsa ko da bai taɓa wutar ba.

Abubuwa sun bambanta wajen barin zafi ya ratsa su, kuma masana sun auna wannan sun ba kowane abu lambarsa. Lambar ƙarfe wajen 50 ce, ta kankare wajen 1.8, ta iskar da ba ta motsi kuwa 0.026 kacal. A nan asirin yake. Bargo da auduga da gashin tumaki ba su samar da zafi, abin da suke yi shi ne tsare iska a cikin ƙananan kafofi, su hana ta motsi. Da wannan dabara ake yin abin da za mu kira makarin zafi. Iri biyu aka fi amfani da su a gine-gine: audugar dutse, wadda ake samu ta hanyar narkar da dutse a ja shi zare-zare, da kuma farin soson roba irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a cikin kwali. Lambar kowannensu ba ta wuce wajen 0.036 ba, wato kankare ya ninka su sau 50 wajen zubar da zafi. Audugar dutse mai kaurin santimita 15 tana tare zafi daidai da bangon kankare mai kaurin mita 7.5.

Injiniyoyi kuma suna da wata lamba ta bango gaba ɗayansa, wadda suke yi wa alama da harafin U. Ita ce yawan wat ɗin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya na bango idan bambancin ciki da waje digiri ɗaya ne. Bari mu yi lissafi da misali. Mu ɗauka wani bene yana da bango mai faɗin murabba'in mita 1,000, lambarsa ta U kuma 1.2 ce, kamar yadda akan samu a tsofaffin gine-gine. Idan ciki digiri 20 ne, waje kuma sifiri, zafin da ke fita shi ne 1.2 sau 1,000 sau 20, wato wat 24,000. Wannan daidai yake da a kunna dutsen guga na lantarki guda 24, kowanne mai wat 1,000, a bar su a waje dare da rana. Idan aka lulluɓe bangon da audugar dutse mai kaurin santimita 15, lambar za ta sauko zuwa 0.2, zafin da ke fita ya koma wat 4,000. An rage asarar bango ke nan zuwa kashi ɗaya cikin shida.

Aikin da Ake Yi wa Gini

Bango hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin asara, shi ya sa gyaran da ake yi ya haɗa abubuwa da dama a lokaci guda. Ana manna makarin zafi a bayan bango daga waje, a shafe shi da siminti ko a rufe shi da fallaye, tamkar dai an ɗinka wa benen riga. Dalilin sa shi a waje shi ne don kankaren ya kasance cikin ɗumi, kuma a rufe mahaɗar fallaye, inda zafi ya fi samun hanyar fita. Haka ake yi wa rufi da kuma ƙasan hawa na farko. Tsofaffin tagogin katako ana musanya su da masu gilashi ninki biyu ko uku, waɗanda aka tsare iska a tsakaninsu.

Bayan haka sai a koma kan bututai. A wurin da ruwan zafi ke shigowa ginin ana kafa na'ura mai auna sanyin waje, ta ƙara ko ta rage zafin ruwan gwargwadon bukata. Ana daidaita gudun ruwa domin kowane hawa ya sami rabonsa, a kuma sa wa kowane ƙarfen ɗumama ɗaki bawul mai rufe kansa idan ɗaki ya kai ɗumin da ake so. A gine-gine da yawa akan ƙara da ƙananan mitoci, ta yadda wanda ya yi tsimi zai gani a takardar biyansa. Wannan mataki na bututai yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan an yi wa gini riga amma ruwan zafi yana shigowa kamar da, mutane za su koma buɗe tagogi, an yi aikin baban giwa ke nan. Inda aka yi cikakken gyara, zafin da gini ke sha kan ragu da rabi ko fiye.

Bangon Kowa da Kowa

Tun da ribar a fili take, mai karatu zai iya tambaya, me ya sa masu gidajen ba su yi aikin da kansu ba? Amsar tana cikin yadda mallakar take. Kowa ya mallaki sashensa, amma bango da rufi da bututai na kowa da kowa ne, kuma ba za a iya yi wa sashe ɗaya riga a bar sauran ba. Tilas sai mafi rinjayen masu sassa sun amince. A cikinsu kuwa akwai tsohuwar da ke ganin ba lallai ta kai lokacin da bashin zai ƙare ba, akwai wanda ya tafi ci-rani Ingila ko Ayalan ya bar sashensa a kulle, akwai wanda ya ba da nasa haya, ɗan haya ke biyan kuɗin zafi, shi kuwa ba abin da ya dame shi. Mai zama a hawan tsakiya, wanda maƙwabta suka kewaye shi da ɗumi, bai ga dalilin biyan kuɗin gyaran rufi ba.

Matsala ta biyu ita ce ta rance. Kuɗin gyaran ana kashe su ne a lokaci guda, amma ribar tana zuwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa. Bankunan kasuwanci kuwa ba su sha'awar ba da rancen dogon zango ga mutum 60 da ba su da jingina guda. Ta uku ita ce ta wanda zai ɗauki ɗawainiya. Kiran taro, nemo injiniya, cike takardu, zaɓen ɗan kwangila da sa masa ido, duk aiki ne na watanni da babu mai biyan ladansa, kuma idan aka sami kuskure, wanda ya jagoranta shi maƙwabta za su zarga.

Ita kuwa gwamnati tana da nata dalilan shiga cikin lamarin. A wancan lokaci, mafi yawan tashoshin dafa ruwa da iskar gas suke aiki, gas ɗin kuma daga wurin kamfani ɗaya na ƙasar Rasha ake sayen sa, a kan farashin da ke cikin mafi tsada a Turai. A ƙarshen shekarar 2009 aka rufe tashar nukiliya ta Ignalina, wadda ke samar da mafi yawan lantarkin ƙasar, dogaro da makamashin waje ya ƙaru. Bugu da ƙari, kowace shekara baitulmali na biya wa masu ƙaramin ƙarfi wani ɓangare na kuɗin zafi, wanda rabinsa ta bango yake ficewa. Ɗibar ruwa da kwando ke nan.

Matakan da Gwamnati Ta Bi

Gwajin farko ya fara ne a shekarar 1996 da taimakon Bankin Duniya, inda aka ba ƙungiyoyin masu sassa ƙananan rance don gyare-gyare. A shekarar 2004 gwamnati ta amince da cikakken shirin sabunta benaye, wanda a ƙarƙashinsa takan biya har rabin kuɗin aiki daga baitulmali. Jama'a sun nuna sha'awa, amma kafin a je ko'ina kuɗin da aka ware suka ƙare, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya ta shekarar 2008 ta zo ta tsayar da kome. Darasin da aka koya shi ne, kyauta zalla ba za ta iya ɗaukar gine-gine dubbai ba.

A shekarar 2009 aka sake dabara. An kafa asusu na yuro miliyan 227 a ƙarƙashin wani shiri na Tarayyar Turai mai suna JESSICA, miliyan 127 daga Tarayyar, miliyan 100 daga gwamnatin ƙasar, aka damƙa riƙonsa ga Bankin Zuba Jari na Turai. Daga asusun aka riƙa ba da rance ta hannun bankuna, a kan kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 da ba ya canzawa, a biya cikin shekaru har 20. Fa'idar wannan tsari ita ce kuɗin da aka biya suna komawa asusu, a sake ranta wa wasu. Duk da haka aikin bai yi sauri ba, domin har yanzu su masu sassan ne za su haɗa kansu su je su ci bashin, mutane kuwa suna tsoron bashi bayan abin da suka gani a 2008. Tsakanin 2005 da 2012, gine-ginen da aka sabunta ba su kai 500 ba.

Canjin da ya buɗe hanya ya zo ne a shekarar 2013. Daga nan aka ɗora wa hukumomin garuruwa alhakin zaɓo gine-ginen da suka fi zubar da zafi, su shirya musu tsarin gyara, su kuma naɗa wakili, wanda sau da yawa kamfanin hukumar garin ne. Wakilin shi ke karɓo rance a madadin masu sassa, ya ba da kwangila, ya sa ido kan aiki, sa'an nan ya riƙa karɓar biya wata-wata. Abin da ya rage wa masu sassa shi ne su jefa ƙuri'ar amincewa. Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin shirya takardu da na duba aiki, ta kuma yafe wani kaso na kuɗin gyaran, wanda a farko ya kai kashi 40 cikin 100, daga baya aka sauko da shi zuwa 30. Sharaɗin samun cikakken tallafin shi ne gyaran ya rage shan zafi da aƙalla kashi 40 cikin 100, domin kada a tsaya a shafa fenti a ce an yi gyara. Masu ƙaramin ƙarfi da ke karɓar tallafin kuɗin zafi kuwa, gwamnati ta ɗauke musu biyan rancen baki ɗaya, doka kuma ta tanadi a rage wa wanda ya ƙi amincewa da gyaran tallafinsa.

Domin a ga amfanin yafe kason nan, ga wani misali na lissafi kawai. A ce wani iyali na biyan yuro 600 a shekara don zafi, gyara ya rage musu kashi 60 cikin 100, sun tsira da yuro 360 ke nan. A ce kuma rabonsu na bashin, in babu tallafi, yuro 600 ne a shekara. Wannan iyali zai ga gyaran ya ƙara masa nauyin yuro 240, kuma zai ƙi amincewa. Amma idan an yafe kashi 40 cikin 100, biyan zai koma yuro 360, daidai da abin da aka tsimi. Zafin da aka hana tserewa shi zai biya bashin, iyalin kuma su sami ɗaki mai ɗumi da gida mai ƙarin daraja.

Sakamako da Abubuwan Lura

Tsakanin 2013 da 2020 an sabunta gine-gine fiye da 2,000, wato an ninka na shekarun baya sau da dama. Da bankunan kasuwanci suka ga ana biyan bashin yadda ya kamata, su ma suka shiga zuba kuɗinsu. A daidai wannan lokaci ƙasar ta buɗe tashar sauke gas daga jiragen ruwa a Klaipeda a shekarar 2014, ta mayar da mafi yawan tashoshin dafa ruwa zuwa amfani da ɓarɓashin itace, kuma a shekarar 2022 ta daina sayen gas daga Rasha. Sai dai idan aka kwatanta 'yan dubban da aka gyara da gine-gine 38,000, za a ga tafiyar da sauranta, ga shi kuma tsadar kayan gini da ta biyo bayan shekarar 2021 ta sa lissafin ya ƙara wuya.

Akwai kuma abubuwan da gyara kan iya ɓatawa idan ba a lura ba. Na farko shi ne iskar shaƙa. Tsofaffin tagogi, duk da asarar da suke jawowa, ta tsagoginsu sabuwar iska ke shiga. Idan aka toshe ko'ina, tururin girki da na wanka da numfashin mutane sai su taru, bango ya yi danshi, funfuna ta fito. Ƙasar Estoniya, wadda ke yankin guda kuma ta gaji irin waɗannan benaye, ta ga wannan a aikace. Tun daga 2010 hukumarta mai suna KredEx ta riƙa ba da tallafi hawa-hawa, kashi 15 ko 25 ko 35 cikin 100, gwargwadon zurfin gyara. Da bincike ya nuna iska ba ta wadatar ba a gine-gine da yawa da aka gyara, sai a shekarar 2015 aka tsaurara ƙa'ida, aka ɗaga babban tallafin zuwa kashi 40, da sharaɗin a kafa na'urar sauya iska mai ƙwato zafi daga iskar da ke fita.

Na biyu shi ne gobara. Audugar dutse ba ta cin wuta, amma soson roba yana ci, saboda haka akwai ƙa'idojin inda za a sa shi da yadda za a katange shi. Abin da sakaci da wannan kan jawo ya bayyana a birnin Landan a ranar 14 ga Yuni, 2017, lokacin da wuta ta kama benen Grenfell mai hawa 24, wanda bai daɗe da samun sabuwar riga ba. Fallayen da aka rufe shi da su suna da roba mai cin wuta a tsakiyarsu, wutar ta bi su ta mamaye ginin, mutum 72 suka rasu. Duk gwamnatin da za ta ba da kuɗin gyara, wajibi ne ta tanadi masu duba ingancin kaya da na aiki.

Gwaji Domin Aji

Malamai za su iya nuna wa ɗalibai wannan kimiyya da kayan da ke kusa. A samo gwangwani uku iri ɗaya masu murfi, a zuba musu ruwan ɗumi daidai wa daida. Na farko a bar shi haka nan, na biyu a naɗe shi da busasshiyar auduga, na uku kuma da jiƙaƙƙiya. A riƙa auna zafin ruwan da ma'aunin zafi duk bayan minti 5 har tsawon rabin awa, ɗalibai su zana sakamakon a jadawali. Za su ga mai busasshiyar auduga ya fi riƙe zafi, mai jiƙaƙƙiya kuwa ya yi saurin hucewa, domin ruwa ya kori iskar da ke tsare a kafofin audugar, kuma yana ɗauke zafi yayin da yake bushewa. Wannan ne ya sa magina ke kare makarin zafi daga ruwa.

Daga nan sai a juya gwajin, a sa ƙanƙara a madadin ruwan ɗumi. Mai busasshiyar auduga ita za ta fi daɗewa ba ta narke ba, kamar yadda masu sayar da ƙanƙara suka sani tun da daɗewa. Makarin zafi bai san ciki ko waje ba, abin da ke hana zafi fita a Vilnius shi ke hana shi shiga ta rufin kwano a Sakkwato. A shekarar 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da ƙa'idojin tsimin makamashi a sababbin gine-gine, waɗanda suka shafi girman tagogi, inuwa, makarin zafi a rufi, fitilu da na'urar sanyaya ɗaki. Tambayar da ɗalibai za su tattauna ita ce: a gidan haya mai iyalai da yawa, wa ya kamata ya biya kuɗin gyaran silin, mai gida ko masu shan zafin?

Kammalawa

A taƙaice, lissafin santimita 15 na audugar dutse bai canza ba tun daga 1996 har zuwa yau. Abin da Lituweniya ta shafe shekara 17 tana nema shi ne hanyar da maƙwabta masu bambancin hali da aljihu za su amince da aiki guda. Kyauta ta ƙare da wuri, rance mai sauƙi ya rasa masu ɗauka, sai da aka haɗa rance da tallafi mai sharaɗi, aka ɗauke wa matalauta biya, aka kuma naɗa wanda zai ɗauki ɗawainiya, sa'an nan aiki ya kankama. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin da ke burin zama injiniya ko mai tsara gine-gine zai bukaci sanin lambar U, haka kuma zai bukaci sanin yadda ake zama da mutanen da ke bayan bangon.